Takin tana a wani gida a Argungu: daga bokitin fenti zuwa randa

Gidan da lambun

Matar da zan ba da labarinta malamar firamare ce a Argungu, makarantarmu ɗaya da ita. Gidansu yana ɓangaren tudu, da ɗan nisa daga fadama, mutum tara ne a ciki har da uwar mijinta. Bayan ɗakuna akwai fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, nan take shuka alayyahu da yakuwa da tumatir da kuɓewa. Akwai zogale biyu a jikin katanga da bishiyar mangwaro ɗaya a kusurwar gabas. Ƙasar wurin jigawa ce, in an ba ta ruwa da safe, kafin azahar ka tona da yatsa ka tarar da rairayi busasshe.

Ta daɗe tana sayen takin zamani a kwano wajen masu awo. Kuɗinsa ya tashi a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren, ya sake tashi bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Garin kuma na manoman shinkafa ne, rani da damina, don haka mai sayen buhu ake saurare kafin mai sayen kwano. Kashin shanu da ake kwasa kyauta a da ya koma na kuɗi, ita kuwa ba ta da saniya, awaki uku gare ta da 'yan kaji.

A waya ta fara ganin yadda ake kiwon tana a akwati, ana ba ta ɓawon kayan miya tana mai da shi taki. Duk lambobin da ke cikin wannan rubutu daga littafin da take rubuta awonta na ɗauko su, da izininta, sauran kuma abin da na gani ne da idona.

Oktoba 2023: bokitin fenti

Ta samu bokitin fenti mai cin lita 20, ta cika rabinsa da ƙasar lambu. Yaran unguwa masu zuwa fatsa suka tono mata tana a bakin fadama, cike da gwangwanin madara biyu. Uwar mijinta da ta leƙa ta gani sai ta ce, "Malama, mi za ki yi da tana cikin gida, ke da ba ki zuwa su?" Ta yi mata bayani, tsohuwa ta yi shiru ta koma ɗaki.

Abincin da ta riƙa zubawa shi ne duk abin da ya rage a kicin: ƙanzon tuwo, ragowar miya, ɓawon albasa, 'ya'yan attarugu, shinkafar da ta kwana. Bokitin ba shi da huji ko ɗaya, kuma tana rufe shi da murfinsa saboda ƙuda. A kwana na huɗu wari ya tashi. A kwana na tara ta juye bokitin, ba ta samu mai rai ko guda ba, sai baƙin ruwa kwance a ƙasa.

Abubuwa uku suka haɗu. Tanar da yara ke tonowa da fartanya mai zama a cikin ƙasa ce, rami take yi ta bi danshi, ba ta zama a tarin ruɓaɓɓen ganye. Na biyu, ita tanar da fatarta take numfashi, gishiri yana zuƙe ruwan jikinta, mai kuma yana toshe fatar, ga miyarmu ba ta rabuwa da gishiri da mai da yaji. Na uku, bokitin da ba iska ba mafitar ruwa, abin da ke ciki ruɓa ta wari yake yi, irin wadda ke cinye iskar da tanar za ta shaƙa.

Disamba 2023: tanar da ta dace

Ta hannun wani mai kiwon tarwaɗa a Birnin Kebbi ta samu irin da ake nema. Shi ma daga kudu ya kawo nasa, yana kiwonta don abincin kifi. Wadda masana ke kira Eudrilus eugeniae ce, asalinta nan Afirka ta Yamma, doguwa, jikinta ja-ja mai ɗan shuɗi yana ƙyalli a haske. A saman ƙasa take rayuwa, cikin ganye da kashin dabbobi. Wadda aka fi nunawa a bidiyon Turai da Amurka ita ce Eisenia fetida, ƙarama ce, kuma ta fi son yanayi mai ɗan sanyi. Malama ta sayi giram 250, ta ƙirga kusan guda 200.

Wannan karon daron roba baƙi ta yi amfani da shi, faɗinsa santimita 60, zurfinsa 30. Ta huda ƙasansa da gefensa da ƙusa mai zafi. Shimfiɗar ciki kwali ne da ta yayyaga ta jiƙa kwana ɗaya, da busasshen kashin shanu da ya shekara, ta jiƙa shi kwana goma kafin ta zuba, sai tafi ɗaya na ƙasa. Mai kifin ya koya mata gwajin danshi: a damƙi shimfiɗar a matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito to daidai ne, in ya tsiyaya ruwa ya yi yawa, in ba komai ta bushe. Ta ajiye daron ƙarƙashin rumfar kwano kusa da madafa, ta rufe da buhun algarara.

Mako biyun farko tanar ba ta ci sosai ba. Sanyin daren hunturu yana rage mata kuzari, iskar kuma tana busar da buhun cikin 'yan sa'o'i. Sai da ta koma yayyafa ruwa safe da yamma.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: tururuwa, kaji, da rabon awaki

Ranar 9 ga Janairu ta ɗaga buhu ta tarar da tururuwa ta yi layi ta cikin hujin ƙasa, tana kwasar ƙwan tanar. Gefen shimfiɗar ya bushe, busasshen wuri kuwa shi tururuwa ke so. Ta ɗora daron a kan benci, ta sa kowace ƙafar bencin cikin gwangwani mai ruwa, ta ƙara danshi. Cikin kwana biyu tururuwa ta bar wurin. Kaji suka gano daron bayan haka, kaza ɗaya ta ture buhun ta ci abin da ta ci kafin a kore ta, sai aka yi murfin ragar waya aka danne da bulo.

Matsalar da ta fi waɗannan ba a bidiyo ta gan ta ba. Ta ɗauki mako guda tana auna duk abin da ke fita daga kicin da sikelin da ake awon fulawa. Jimilla kilo 6.5. Daga ciki kilo 4.8 na awaki da kaji ne tun fil'azal: ɓawon dankali da doya, karan alayyahu, dusa, ƙanzo, ɓawon ayaba. Ba wanda zai hana akuya abincinta ya ba tana, kuma maigidan ya faɗa mata haka a fili. Kilo 1.7 da ya rage mafi yawansa ɓawon albasa ne da attarugu da ragowar miya. Jiharmu ɗaya da Aliero, garin albasa, don haka albasa ba ta yankewa a tukunyarmu, ita ce kuma tana ke gudu. Abin da za a iya ba ta da gaske, wato ganyen shayi da ɓawon ƙwai da ɗan ruɓaɓɓen ganye, bai wuce giram 400 ba a mako, alhali tanar da take da ita za ta iya cin kusan rabin nauyinta a kowace rana in yanayi ya yi mata daɗi.

Ta je wajen wani dattijo mai sayar da kabeji da latas a bakin kasuwa. Ganyen waje masu kyau akwai masu saye don dabbobi, amma waɗanda suka yi laushi suka fara yauƙi zubarwa yake yi. Ta ce masa, "Baba, wanda akuya ta ƙi shi nake so." Tun daga ranar yaronta ke biyawa sau biyu a mako ya karɓo leda guda. Tana haɗawa da kashin awakinta, bayan ta tara shi ta jiƙa ya yi mako uku a gefe. Kashin kaji ba ta sa shi ko kaɗan, ƙarfinsa yana ƙona tana. Ɓawon ƙwai kuma daka shi take yi ya zama gari, yana rage tsami.

Ranar 25 ga Fabrairu ta tsince tanar ta auna, giram 410.

Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da zafi

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Kowace yamma akwai kankana da lemu da ayaba a buɗa-baki, ɓawon ya fi ƙarfin awaki, yara kuma sun ga wurin zubawa ya samu. Daga lissafinta na baya, daron ya riƙa karɓar kusan kilo ɗaya a rana, shi da bai kamata ya wuce giram 200 ba. Ita kuma ga makaranta ga girkin azumi, sai ta yi kwana uku ba ta tona ciki ba, buhun kawai take jiƙawa. Ƙarshen Maris da farkon Afrilun wannan shekarar an yi zafin da ya addabi yankin Sahel gaba ɗaya, kwanon rumfar kuwa tun hantsi yake ɗaukar wuta.

Ranar 2 ga Afrilu ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tsugune gaban daron, ta ɗaure hanci da gefen mayafi. Tanar ta yi ƙoƙarin gudu cikin dare, wasu sun maƙale a ragar waya, wasu sun faɗo kan siminti sun bushe sun miƙe kamar tsinken tsintsiya. Da ta sa hannu cikin shimfiɗar sai ta janye, ɗumi ne kamar tuwon da aka kwashe ɗazu. A ƙasa ɓawon kankana ya narke ya zama kunu mai tsami, matattun suna ciki sun yi fari. Ba ta ce komai ba, ta ɗauko faranti ta fara tsintar masu motsi ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauraye su da ruwan randa. Guda 58 ta samu. Sannan ta bi busasshen gefen shimfiɗar tana tsince ƙwai, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, ta tara a murfin kwalba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don na san wata huɗu ta yi tana tashi da asuba saboda wannan daro.

Washegari muka aro ma'aunin zafi daga akwatin kimiyya na makaranta. Da ƙarfe uku na rana iskar ƙarƙashin rumfar digiri 43, cikin shimfiɗar 38. Wannan irin tana ta fi walwala tsakanin digiri 25 zuwa 30, in zafi ya haura 35 mutuwa take fara yi. Zafin kuma ta biyu ya zo mata, na rana ta cikin baƙar roba, da na tarin ɓawon da ke ruɓa, don duk abin da ke ruɓa da yawa wuri ɗaya yana haifar da zafin kansa.

Afrilu 2024: randa

Uwar mijin ce ta kawo maganar, ita da ba ta taɓa zuwa kusa da daron ba. Tana zaune kan tabarma ta ce, "Malama, ruwan shan gidan ga, roba ka sanyaya shi ko randa?" Akwai tsoffin randuna biyu a bayan ɗakinta da suka tsage aka daina zuba musu ruwa. Malama ta ce, "Inna, ki ba ni ɗaya in gwada."

Ranar 6 ga Afrilu aka fasa ƙaramin huji a gindin randar, aka rufe shi da tsingaro da tsakuwa. Aka haƙa rami a inuwar mangwaro, aka binne kashi biyu cikin uku na randar, aka cika tsakaninta da bangon ramin da rairayi mai kaurin santimita 10. Sabuwar shimfiɗa ta shiga, da tana 58 da ƙwan da aka tsinto, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu da ragar waya. Rairayin ana jiƙa shi safe da yamma, bokiti ɗaya a rana, da ruwan alwala da ake tarawa a daro. Ruwan wanke-wanke mai omo ba ya zuwa wurin.

Ta yi mako guda tana awo da ƙarfe uku. Iskar inuwar tsakanin 41 da 43, cikin randar tsakanin 29 da 31. Jikin randa yana tsatsafar da ruwa, busasshiyar iskar bazara tana ɗauke shi, yana tafiya da zafin, ƙasa da inuwa kuma suna tare sauran. Hikimar da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi amfani da ita ke nan a tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, wadda ta sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Ta kafa doka a gidan: ba mai zuba komai a randa sai ita. Kwana uku-uku take ba da abinci, yankakke ƙanana, wanda ya sha iska kwana biyu, ta binne shi a gefe ɗaya, kuma ba ta ƙarawa sai na baya ya kusa ƙarewa. Ɓawon lemu ya fita daga lissafi. Cikin mako na uku ta fara ganin jarirai farare kamar zare. Ƙwan wannan iri yana ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su isa yin nasu ƙwan cikin mako shida zuwa bakwai.

Damina 2024: ruwa daga ƙasa

Da Babbar Sallah, 16 ga Yuni, ta karɓi abin da aka zazzage daga tumbin ragunan layya na gidansu da na maƙwabta. Ba ta kai shi randa ba, ta tara a gefe ta rufe da kara. A kwana na huɗu tarin ya yi zafin da hannu ba ya jimawa a ciki. Bayan mako uku ya huce, kuma a littafinta ta rubuta cewa ba abincin da tanar ta taru a kansa kamar wannan. A Yuli ta raba tanar gida biyu, randa ta biyu ta shiga aiki.

A Agusta aka kwana ana ruwa, ramin ya cika, ruwan ya shigo ta hujin gindi. Da safe ta tarar da tanar ta hau ta dunƙule a jikin buhu, na ƙasa wasu sun mutu. Aka tono randunan aka ɗaga su, kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage a ƙasa, aka tara ƙasa kewaye, aka kafa 'yar rumfar zana a kai, aka daina jiƙa rairayi. Ta ƙara busasshen kwali ya tsotse ruwan. A watan ne kuma wasu manyan tsutsotsi masu launin toka suka bayyana, 'ya'yan wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro. Ba sa cin tana, amma suna riga ta cinye abinci, sai ta riƙa tsince su tana watsa wa kaji.

Satumba zuwa Nuwamba 2024: kwasa da gwaji

Ranar 21 ga Satumba ta kwashe randar farko, bayan ta yi mako ba ta ba da abinci ba. Ta juye a kan buhu da hantsi, ta yi ƙananan tsibi. Tanar ba ta son haske, sai ta nutse ƙasa, Malama kuma ta kankare saman kowane tsibi, ta jira kwata, ta sake kankarewa, har ya rage dunƙulen tana zalla. Ta tankaɗe da rariya mai manyan ido. Takin baƙi ne, marmashi-marmashi, ƙamshinsa irin na ƙasa bayan ruwan fari. Kilo 9 ya fito daga kimanin kilo 26 na abin da aka zuba. Tanar randunan biyu ta kai giram 620.

A Oktoba ta yi fangali uku, kowanne mita ɗaya tsawo da faɗi, ta shuka alayyahu rana ɗaya. Na farko ta cuɗa masa kilo 2 na takin tana, na biyu giram 30 na takin zamani NPK, na uku ba komai. Yankan farko, kwana 28: na tana kilo 1.3, na NPK kilo 1.6, na banza giram 600. Yanka na biyu bayan mako biyu: na tana kilo 1.1, na NPK giram 900, na banza giram 300. Fangalin tana yana kai yamma da danshinsa, sauran biyun kuwa kafin la'asar ganyensu ya langaɓe. Irin tumatir da ta rena a kashi ɗaya taki kashi uku ƙasa ya yi kauri, kuma da aka dasa kaɗan ne ya faɗi.

Bazarar 2025

Tun Fabrairu ta mai da randunan cikin rami ta koma jiƙa rairayi. Azumi ya zo daga 1 ga Maris, ɓawon kankana ya tafi ga awaki, abin da suka bari aka shanya shi. Mafi girman awon da ta rubuta cikin randa a Afrilu 32 ne, ba ta yi asara ba. Zuwa ƙarshen watan jimillar takin da ta kwasa sau huɗu kilo 31 ne, kuma tun Oktoba ba ta sayi na zamani don lambun ba.

Abin da na fahimta

Asarar farko ta rashin sani ce, kowa zai iya kauce mata da tambaya ɗaya. Ta biyu ita ce ta wurinmu. Umarnin da ake gani a waya an yi shi ne a ƙasashen da ake tsoron ƙanƙara, shi ya sa suke ba da shawarar robar da ta kusa ƙarar da tanar Malama. A Kebbi aikin wata uku ne, Maris zuwa Mayu, wanda ya tsallake su ya tsallake shekara, kuma randa a inuwa da bokitin ruwa a rana su suka tsallakar da ita. Na kuma yarda cewa dokar hannu ɗaya ke ba da abinci ta yi aiki daidai da randar, don ko a randa kilo guda na kankana kullum zai yi ɓarna.

Maganar cewa sharar kicin ta isa, a gidan da ke da awaki ba gaskiya ba ce. Kashin dabbobi da ya huce da ruɓaɓɓen ganyen kasuwa su ne abincin, na kicin ƙari ne.

Gwajin fangali uku sau ɗaya aka yi shi a wuri ɗaya, amma abin da ya nuna ya dace da yanayin takin. Sinadarin naitirojin da ke cikin takin tana bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, NPK na 15-15-15 yana da 15, yuriya 46. Amfaninsa a jigawa riƙe ruwa ne da sakin abinci a hankali. Ƙanen mijinta ya nemi ta yi masa na gonar shinkafarsa a fadama, muka zauna muka lissafa: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kafin takin tana ya ba da haka sai an tara tan ɗaya zuwa biyu da ɗoriya. Ta ce masa ya kawo kwano ta ba shi na renon iri, na gona kuwa ya ci gaba da sayen buhunsa. Ita kuma ta ba mai ginin tukwane aikin randa ta uku, mai faɗin baki, a huda gindinta tun tana ɗanya.